Gyambon da ya ƙi rufewa: wai jiki yana cin kansa?

Ummu Hanan, Makka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah likitocinmu ina neman haske. Goggona ta zo Umara, kuma tana da ciwon suga. Wata Juma'a ta fito daga Harami ba ta ga silifanta ba, ta tako kwalta da tsakar rana har masauki, ita ko a jikinta. Da dare muka ga tafin ƙafar ya ɗuri ruwa. Yanzu an shiga wata na biyu, wurin bai fi faɗin riyal na ƙarfe ba, amma ya ƙi rufewa. Gefen ya yi kanta fari fat, tsakiyar ja, kullum bandejin a jiƙe. Likitan ya ce babu ƙwayar cuta a ciki yanzu, wai jikin ne da kansa yake cinye abin da yake ginawa. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Jiki ya ci kansa kuma?

Abu Sadik, Jidda: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Goggo lafiya. Ku nemi zuma mai kyau ku riƙa shafawa. A cikinta akwai waraka ga mutane, Alƙur'ani ne ya faɗa.

Anti Nas, Madina: Amin. Abu Sadik, ba mu musun zuma, har a asibiti akwai bandeji mai zuma da aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta. Amma ƙafar mai suga ba wurin gwaji ba ce, kada a ɗebo ta kanti a zuba ba da sanin mai wankin ciwon ba. Ummu Hanan, tana taka ƙafar?

Ummu Hanan, Makka: Tana takawa Anti. Ta ce ba za ta zo har Makka ta riƙa salla a ɗaki ba.

Anti Nas, Madina: To ga rabin matsalar nan. Dakta ya zo ya faɗi ɗaya rabin.

Dakta, Riyad: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Goggo sauƙi. Maganar likitan daidai take, gajarta ta kawai ya yi.

Naman jikinmu ba ƙwayoyin halitta ne zalla ba. A tsakaninsu akwai wata saƙa da ke riƙe da su, mafi yawanta kolajin ne, wanda shi kaɗai ya kai kwata zuwa sulusin furotin ɗin da ke jikin mutum. Fata, jijiya, guringuntsi, ƙashi, duk da shi suka tsaya. Zare uku ne aka tufke wuri guda, kuma tufkar ta yi ƙarfin da yawancin enzayim ɗin jiki, wato sinadaran da ke yanka abubuwa suna narkar da su, ba sa iya taɓa ta. Masu iyawa wani dangi ne da ake kira MMP, mutum yana da iri 23. Kowannensu yana riƙe da sinadarin zinki, da shi yake yanka. MMP-1 alal misali wuri ɗaya tak yake saran zaren, kashi uku cikin huɗu ya faɗi gefe, ɗaya cikin huɗu ya faɗi gefe. Daga nan tufkar ta warware, sai MMP-2 da MMP-9 su ƙarasa ragowar.

In an ji ciwo dole a neme su. Sai an kwashe mataccen nama sabo zai samu wurin zama, kuma ƙwayoyin fatar da ke rarrafowa daga gefe don su rufe ciwon, da MMP-1 suke share wa kansu hanya. 'Yan rusau ne da ake kira kafin magina su shigo. A ciwon mai lafiya kwanaki kaɗan suke yi su tattara su tafi. A gyambon mai suga kuwa sun ƙi tafiya. Fararen ƙwayoyin jini na ta kwararowa suna zuba MMP-8 da MMP-9, magini ya aza bulo da safe, kafin la'asar an ture. Har sinadaran da ke umartar nama ya tsiro ba su bari ba, suna sare su. Ruwan nan da kike gani yana jiƙa bandeji, cike yake da su.

Abu Sadik, Jidda: Dakta ka bar mana maganar rusau, mu mutanen Jidda har yanzu ba mu gama farfaɗowa ba 😅

Auta, ɗalibi a Madina: Dakta, to me ya hana su cinye mu tun muna da lafiya?

Dakta, Riyad: Tambaya mai kyau ƙanena. Da farko dai a rufe ake yin su. Akwai wani ɓangare na jikin enzayim ɗin da ke kife a kan zinkin, sai an yanke shi sannan ya fara aiki. Bayan haka akwai wasu furotin guda 4 da ake kira TIMP, aikinsu su cafke wanda ya farka, ɗaya ya riƙe ɗaya. Lafiya tana ga daidaiton ɓangarorin biyu. A gyambon da ya daɗe MMP ya yi sama, TIMP ya yi ƙasa.

Ummu Hanan, abin da ke ci gaba da kiran fararen ƙwayoyin nan shi ne takawa, da sugan da ya hau, da kantar gefen, da ƙarancin jinin da ke isa ƙafar in akwai shi. A samo mata keken turawa, a Harami ma akwai su. Ladanta na nan in sha Allah.

Mai Saidaliyya, Jidda: Auta, ka san a ina aka fara ganin abin nan? A wutsiyar talibambam. A 1962 wasu masana biyu a Boston ta Amurka, Jerome Gross da Charles Lapiere, suka tsaya tambayar ina wutsiyar ke zuwa in zai zama kwaɗo. Ba guntulewa take ta faɗi ba, jiki ne ke narkar da ita ya shanye. Suka yanko ɗan ƙanƙanin nama daga wutsiyar suka ɗora a kan daskararren kolajin a faranti, sai ga kolajin ya narke ya yi zobe kewaye da naman. Kafin nan a ƙwayoyin cuta aka fi sanin irin wannan enzayim.

Hajiya Babba, Shara Mansur: Ikon Allah. Ni dai ba boko na yi ba, jikata ke karanta mini. Amma ku faɗa mini, mace ta haihu ciki ya koma, shi ma wannan abin ne?

Anti Nas, Madina: Shi ne Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya. Ranar haihuwa mahaifa takan kai kilo guda. Kafin a yi arba'in ta koma ƙasa da giram 100. Tsokar ta tsuke, kolajin ɗin da ya ƙaru lokacin goyon ciki kuma waɗannan enzayim ne ke kwashe shi. Su ne ke tausasa bakin mahaifa kafin naƙuda, kuma da hannunsu a zubar jinin al'ada duk wata.

Hajiya Babba, Shara Mansur: Mu da muka ɗauka ruwan zafi da ganyen darbejiya ne. To ai ba a fasa wankan jego ba dai.

Anti Nas, Madina: Ba na ja da ku Hajiya 😄 A dai sassauta zafin, a rage kanwa a kunu saboda zuciya.

Abu Sadik, Jidda: Ni fa ban gane wahalar ba. Tunda an san mai laifi, a yi maganin da zai kashe shi mana, kowa ya huta.

Mai Saidaliyya, Jidda: An yi, Abu Sadik, kuma an ji jiki. Dalilin ma ba gyambo ba ne, cutar kansa ce, wato ciwon daji. Kansa ba ta bazuwa sai ta huda wata siririyar shimfiɗa ta kolajin da ke ƙarƙashin ƙwayoyin halitta da kewayen jijiyoyin jini. Wajen 1980 aka nuna cewa ƙwayoyin kansar da suka fi bazuwa sun fi fitar da enzayim mai cin wannan shimfiɗa. Sai kowa ya ce shi ke nan, a toshe shi kansa ta zauna inda take. A shekarun 1990 kamfanoni suka zuba dukiya. Wani kamfanin Ingila, British Biotech, ya fito da batimastat, sannan marimastat wanda ake haɗiya. A jikin ɓeraye abin ya yi kyau. Da aka kai ga manyan gwaje-gwaje a kan mutane, bai ƙara musu kwana yadda aka zata ba, ga ciwon gaɓoɓi da sanƙarewar kafaɗa da hannu, har wasu suka ajiye shan maganin.

Amma ni a ganina ba tunanin ne ya lalace ba. Magungunan zinkin suke cafkewa, kuma duk dangin da zinki suke aiki, sai aka bugi mai laifi da marar laifi. Ga shi an ba mutanen da cutar ta riga ta bazu, alhali su ɓerayen tun da wuri aka fara ba su. Ranar da aka samu mai kama ɗaya tak, labari zai canza.

Dakta, Riyad: A nan muka rabu da kai ɗan'uwa. An samu mai kama ɗaya ai. Andecaliximab MMP-9 kaɗai aka ƙera shi ya kama, aka gwada shi a kansar tumbi tare da sauran magunguna, bai tsinana abin da ake nema ba. Ni abin da na ɗauka shi ne, enzayim guda yana iya zama mai ɓarna a wannan mako, mai gyara a mako na gaba, a gaɓa guda. An taɓa cire MMP-8 daga jikin ɓeraye, maimakon kansa ta ragu sai suka fi saurin kamuwa da ta fata. Wato shi kare su yake yi.

Mai Saidaliyya, Jidda: Gwaji ɗaya ya faɗi ba ya rufe ƙofa Dakta. Kai ma ka san ɓerayen da aka cire wa MMP-12 a 1997, aka yi ta busa musu hayaƙin taba, huhunsu bai yi irin ruɓewar na masu shan taba ba. Ga tarin fuka, kogon da yake yi a huhu MMP-1 na cikin manyan masu haƙa shi. Waɗannan wurare ne da mai laifin ya fito fili.

Dakta, Riyad: A ɓera ya fito fili. Ina jiran na mutum. Kafin nan masu shisha na zauren nan sun ji da kunnensu.

Bari in kawo muku wanda ya faru a ƙasar nan da muke zaune, don shi ya fi ba ni mamaki. A shekarar 2000 likitoci a nan Riyad, cikinsu har da Dakta Aida Al-Aqeel, suka ba da bayanin wasu yara a wasu iyalan Saudiyya. Yaro yana ƙarami sai hannu da ƙafa su fara ciwo suna kumbura, a ɗauka amosanin gaɓɓai ne irin na yara. A hoto kuwa sai a ga ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu da na idon sawu suna zaizayewa, har wasu su ɓace. Yatsu su lanƙwashe, ƙulli-ƙulli su fito a tafin hannu da tafin ƙafa, sauran ƙashin jiki ya yi rauni. Duk wanda ya ji haka zai ce enzayim mai cin nama ne ya yi yawa. A 2001 aka gano ƙwayar gadon da ta samu matsala, tana kan kuromosom na 16, kuma ita ce mai yin MMP-2. Yaran nan ba su da MMP-2 mai aiki kwata-kwata a jininsu. Rashin mai rushewa ne ya sa ƙashi ya rushe, domin ƙashi abu ne mai rai da kullum ake sassaƙa ana sabuntawa, in wannan ya tsaya ginin ba ya tafiya daidai. To Abu Sadik, ka ga abin da kashe shi gaba ɗaya zai haifar.

Abu Sadik, Jidda: Innalillahi. Na janye.

Auta, ɗalibi a Madina: Dakta, iyayen su ma suna da ciwon?

Dakta, Riyad: Lafiyarsu ƙalau. Kowannensu yana ɗauke da ƙwaya ɗaya mai kyau, ɗaya mai matsala, kuma mai kyan ta wadatar. Sai yaro ya gaji mai matsalar daga uwa da uba duka. Irin lissafin sikila ne, kowane ciki ɗaya cikin huɗu. Iyalan da aka gani a nan auren zumunci ne.

Hajiya Babba, Shara Mansur: Na san nan za a zo. Ɗana, ni 'yar wan mahaifin maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Na haifi tara, ba wanda ƙashinsa ya narke. Kakanninmu da suka taho da ƙafa ta Sudan suka zauna a nan, ba don auren gida ba da yanzu ba mai jin Hausa a zuriyarmu. Kullum ku likitoci sai ku ɗora wa zumunci laifi.

Dakta, Riyad: Allah ya jiƙan Baba, ya raya zuriya. Hajiya ban ce haramun ba ne, ban kuma ce shi ke ƙirƙirar cuta ba. In babu ƙwayar a dangi, ko an yi auren gida sau goma ba za ta fito ba, kuma wannan ciwon na ƙashi yana da wuyar samu ƙwarai, duniya kaf ba su da yawa. Abin da auren gida ke yi shi ne, in kaka ɗaya ya ɗauko ta, jikokinsa biyu sun fi bare yiwuwar haɗuwa da ita. Ku Allah ya tsare, wani gidan bai tsira ba.

Hajiya Babba, Shara Mansur: To ba ana gwajin jini kafin aure ba? Jikata sai da suka kawo takarda aka ɗaura.

Anti Nas, Madina: Ana yi Hajiya, tun 2004 ya zama dole a nan. Amma sikila da talasimiya, ita ma cutar jini ce ta gado, yake dubawa, daga baya a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta. Bai shafi irin wannan ba. Abin da nake roƙon iyayenmu shi ne, in a dangi an taɓa samun yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya da aka rasa kansa, a daina ɓoyewa ana cewa iska ce. A faɗa wa likita kafin a sa rana.

Hajiya Babba, Shara Mansur: Wannan kam gaskiya ce. Ɓoyon ne ba kyau.

Likitar Haƙori, Dammam: Sallama jama'a, yanzu na fito daga aiki na tarar da dogon karatu. Mai Saidaliyya, ka manta da mu. Duk kuɗin da aka kashe a kan ciwon daji, maganin hana MMP da ya samu izini a hannun likitocin haƙori ya faɗo, kuma tsohon magani ne mai araha, doksisaikilin. A 1983 Lorne Golub da abokan aikinsa a New York suka lura cewa magungunan dangin tetarasaikilin suna rage cin kolajin a dasashin ɓeraye masu suga, har a ɓerayen da aka raina ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Ashe ban da kashe ƙwayar cuta, maganin yana kama zinki da kalsiyam ɗin da enzayim ɗin ke buƙata. A 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da miligiram 20 sau biyu a rana don ciwon dasashi, adadin da bai kai ya kashe ƙwayar cuta ba.

A ciwon dasashi, dattin da ya daskare a gindin haƙori shi ke tsokano faɗan, amma zaren da ke ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙi, MMP-8 na jikin mutum ne ke cinye yawancinsa. Mutum ya zo mini haƙoransa fes ba kogo ko ɗaya, amma na gaba suna girgiɗi sun yi tsawo, in na zura abin awo a gindinsu ya nutse milimita 7 ko 8. Sau da yawa in na tura shi gwaji sai a samu suga. Maganin kuma ƙari ne a kan kankare dattin, ba ya maye gurbinsa.

Abu Sadik, Jidda: To ai an samu mafita. Ummu Hanan ki aika saidaliyya a sayo wa Goggo doksi ɗin nan.

Mai Saidaliyya, Jidda: Kai Abu Sadik! Ko ka zo wurina ba zan ba ka ba. Tun 2018 aka tsaurara doka, ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Kuma ba a tabbatar da shi a matsayin maganin gyambon suga ba. Yana sa fata ta ƙone a rana, ka kuwa san ranar Makka. Mai ciki ba ta sha. An gwada shi ma a kumburin babbar jijiyar jini ta ciki, inda MMP-9 ke da yawa, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai hana ta ƙara faɗi ba.

Dakta, Riyad: Ka ga ka kawo mini hujja da bakinka.

Mai Saidaliyya, Jidda: Gaskiya ce dai, ko ta kare wa. Ban canza ra'ayi ba.

Ummu Hanan, Makka: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An samo keken, tana ta faɗa amma ta hau. Tambaya ta ƙarshe: garin kolajin da ake talla, ko ƙwayar zinki, za su taimaka?

Anti Nas, Madina: Kolajin da aka sha ciki ne ke narkar da shi kamar kowane nama, ba ya tafiya kai tsaye ya liƙe a ƙafa. In don shi ne, farfesun ganda ya fi araha. Ta ci abinci mai gina jiki, a riƙe sugan. Zinki kuma kada a ƙara kada a rage sai likita ya ga ƙaranci, enzayim sama da 300 ne ke aiki da shi a jiki. Abin da za ki iya tambaya a wurin wanki shi ne bandeji mai kolajin a jikinsa. Ana sa shi ne don enzayim ɗin su ɓata ƙarfinsu a kansa su ƙyale sabon naman.

Ɗan Gadarif, Jidda: Jama'a ni daga Sudan nake, mun taso a gonakin riɗi da dawa. Tun ɗazu ina karantawa ina tuna saran kububuwa lokacin yankan riɗi. Wani maƙwabcinmu ta sare shi a yatsa, da yamma yana zaune yana hira, washegari dasashinsa na zubar da jini, tsohon tabon da ke ƙwaurinsa ya buɗe, ƙafar ta yi bororo. Shi ma cin naman ne?

Dakta, Riyad: 'Yan uwan juna ne na nesa. Dafin kububuwa cike yake da enzayim masu aiki da zinki. Wasu suna cin shimfiɗar ƙananan jijiyoyin jini har su yoye, wasu suna tayar da daskarewar jini ba gaira ba dalili har kayan daskarewar su ƙare, sai jinin ya tsinke. Shi ya sa mutanenmu na Gombe da Kaltungo ke ce mata gobe da nisa. A asibitin karkara gwajin ba wuya: a zuba jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. In ya zubo kamar ruwa dafin ya shiga, sai allurar makari.

Mai Saidaliyya, Jidda: Dakta ka tsallake mai daɗin 😄 Marimastat ɗin da aka watsar, masana a makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun ɗauko shi, suka haɗa da wani magani, varespladib, a 2020 suka nuna haɗin yana kare ɓeraye daga dafin macizai irin su kububuwa. Saran maciji kwana kaɗan za a sha magani, ciwon gaɓoɓin nan kuwa sai an daɗe ana sha yake zuwa. Ga kuma ƙwaya ce da ba ta buƙatar firji.

Dakta, Riyad: Ɓeraye dai har wa yau. Amma wannan kam ina yi masa fatan alheri, don a nan enzayim ɗin baƙo ne, ba wani aikin gyara da yake yi a jikin mutum. Ɗan Gadarif, ka isar wa mutanen gida: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a nufi inda ke da makari ko da mutum yana cewa lafiyarsa lau.

Ɗan Gadarif, Jidda: Zan tura musu da murya, yawancinsu ba sa karatu. Matsalarmu hanya ce Dakta. Da damina ƙasar can laka ce baƙa mai danƙo, mota ba ta shiga gona sai tarakta, ga halin da ƙasar ke ciki tun 2023. Mai Saidaliyya, in ƙwayar nan ta taɓa fitowa kasuwa, ka fara sanar da ni.